Awon dusar ƙanƙara a tsaunukan Atlas da ruwan Damagaram

Karatun ilimin ruwa ya kai ni Maroko, kuma aikin farko da aka ba mu shi ne awon dusar ƙanƙara a Ukaimeden, kudu da Marrakesh, wurin da ya haura mita 2,600 bisa teku. Mukan soka bututu har ya taɓa ƙasa, mu zaro shi, mu ɗora a sikeli. Nauyin ake nema, domin zurfi yana ruɗin ido. Sabuwar dusa mai kaurin santimita 10, ruwan da ke cikinta kamar santimita 1 ne. Wadda ta kwana biyu ta danƙare kuwa tana ninka haka sau uku ko huɗu.

Abin da ya fi kama ni shi ne jinkirin. Dusar kan zuba tun daga Nuwamba, ta zauna kan tsauni kamar hatsi a rumbu, sai wajen Maris zuwa Mayu ta fara narkewa a hankali, ta gangara kogunan Urika da Nafis daidai lokacin da gonakin zaitun da alkama suke jin ƙishi. Shekarar da zafi ya yi sammako, ruwan ya sauko gaba ɗaya ya wuce. Busasshiyar iska ma tana da nata rabon: takan kwashi dusar ta mai da ita tururi tun ba ta narke ba.

Mu a Damagaram ba mu da wannan ajiyar. Ruwan shekararmu yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, a kan garin da ke zaune bisa dutse, wanda ba ya riƙe ruwa. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mai da babban birnin Nijar daga nan zuwa Yamai a 1926. Har gobe idan Afrilu ta kama, bidon ne jere a bakin famfo, 'yan garuwa na kai da kawo daga unguwar Birni zuwa ta Zango.

Da na dawo, sai na ga aikin da dusa take yi a can yashi ne yake yi mana a Gogo da Macaya, inda ake jawo wa Damagaram ruwa. Madatsun da ke wurin suna tare ruwan damina ya nutse ƙasa, rijiyoyin burtsatse su jawo shi da rani. Shi ya sa laka da ke taruwa bayan madatsa take damuna ƙwarai, domin tana toshe hanyar nutsewar, rana ta shanye ruwan a sama. Ina son a riƙa auna zurfin rijiyoyin nan kowane Oktoba, a faɗa wa jama'a a rediyo, kowane gida ya san irin ranin da ke tafe tun da sauran lokaci.