Baƙunta a gidan yawa a Unguwar Rogo

Wani kwas ne ya kai ni Jami'ar Jos, mahaifina kuwa ya ce ba zan kama ɗaki ni kaɗai ba alhali yana da amini a Unguwar Rogo, dab da jami'ar ta wajen titin Bauchi. Haka na baro Sakkwato na sauka gidan Baba Alhaji: matan aure uku, 'ya'ya da jikoki, surukai biyu, ga wata gwaggo da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Haƙar kuza ce ta kawo kakansa daga Kano tun zamanin Turawa.

Garin yana kan tudu, sama da mita 1,200 daga teku, kuma a Disamba ruwan randa sai ka ce ƙanƙara. Don haka ruwan zafi abin bin layi ne. Tun kafin asuba ake ɗora tukunya a kan gawayi, a fara ɗibar wa Baba, sai 'yan makaranta, sai sauran jama'a. Da farko har ƙofar bayi ake kai mini bokitina. Daga baya aka daina, na koma bin layi da 'yammatan ɗakinmu, kuma wallahi hakan ya fi mini daɗi.

Inda baƙuwa za ta buɗe ido shi ne girki. Kwana bibbiyu suke yi, amma ko ba ranarta ba kowace takan ɗora 'yar tukunya a ɗakinta, kuma kowace sai ta aiko miki. Wani daren kwano uku ne a gabana: tuwon mai girki, gwaten acca da yakuwa daga wajen Hajiya Babba, sai soyayyen dankalin Turawa daga Anti Amarya. Gwaggo ta leƙo ta ce, "'Yar nan, taɓa kowanne ko loma biyu ce. Kwanon da ya koma a rufe, mai shi sai ta ji." Ragowar kuwa ba ta ɓaci, yara na bakin ƙofa. Gaisuwar safe ma da tsarinta: Baba, Gwaggo, sannan matan bi da bi daga uwargida. Ɗakin da ya fi kusa da ke ba shi ne na farko ba.

Kuɗin cefane ba a miƙa shi a irin wannan gida, cin fuska ne. Abin da na ga yana shiga shi ne kaya. In na taso daga makaranta sai in biya kasuwar Farin Gada in sayo kabeji, karas da tumatir, waɗanda a nan suke da araha ƙwarai in aka kwatanta da wajenmu, in ajiye a madafa ba tare da na ce na wance ne ba. Da rani kuma, lokacin da rijiyar gidan ta ja baya, nakan tare mai kurar ruwa tun a waje in biya shi, ya shiga ya juye a duro. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya saya, ko da yake na tabbata Hajiya Babba ta sani.

Fita sai da sallama, a faɗi unguwar da za a je, a dawo kafin magariba. Tun rikicin 2001 mutanen Jos ba sa wasa da wannan, ni ma ban yi musu gardama ba.

Abin da ya fi wuya shi ne kunne. Baƙuwa ba ta da ɓangare, shi ya sa kowa yake son ya yi mata bayani. Kina taya wannan tsintar shinkafa za ta ba ki labarin waccan, gobe waccan ta kira ki kitso ta ce, "Jiya na ga kun daɗe da Maman yara, lafiya dai ko?" Nakan ce, "Lafiya lau, Anti, farashin shinkafa muke kuka." Ta yi dariya, ta ce in karkato kaina ta gama layin.