Tambayar da Yaya ya yi mini

Da safe na tashi cikin nishaɗi, domin na ɗauka yau zan yanke shawara a kan ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe da zan saya, irin wanda ke juya ƙarfe wuƙa tana yankarsa. Zuciyata ta daɗe da karkata ga Sherline na Amurka, saboda tsabtar aikinsa da kuma yadda mutum ɗaya zai ɗauke shi ya ɗora a tebur ba tare da wahala ba.

Da Yaya ya zo na nuna masa takardar bayanin injin, sai ya ce, "Ƙanena, mene ne mafi faɗi cikin abin da za ka ɗaura masa?" Na ce fulawil, wato ƙafar da ke daidaita juyi, na ƙaramin injin tururi Stuart 10V da nake son ƙerawa, wanda faɗinsa inci 3 ne, alhali Sherline yana juya abu har inci 3.5. Ya ce, "Shiga zai shiga, amma shiga daban, yanka daban." Daga nan ya yi mini bayani cewa zubabben ƙarfe yana da ɓawo mai tauri haɗe da yashin zubi, kuma dole yankan farko ya nutse ƙarƙashin ɓawon, in ba haka ba bakin wuƙar zai dakushe nan take. Irin wannan yanka yana buƙatar juyi a hankali da ƙarfi a lokaci guda, domin duk yadda faɗin abu ya ƙaru, gefensa yana ƙara gudu a kan wuƙa. Inji marar nauyi kuwa yakan yi karkarwa, karkarwar ta bar zane a jikin aiki. Ya yarda cewa ana ƙera 10V da ƙananan injina idan an yi haƙuri, amma ya tambaye ni ko a kan ƙera wannan injin tururi ɗaya zan tsaya har abada. Wannan tambayar ce ta hana ni sukuni duk yini.

Bayan tafiyarsa na koma kan injinan China da ake kira 7x14, masu juya faɗin inci 7 da tsawon inci 14. Nauyinsu ya ninka na Sherline, kuma wurin ɗaura aiki ya wadatar, sai dai da yawansu suna zuwa da giyar roba, ƙarfinsu yana raguwa idan an rage gudu, kuma sai an kwance su an wanke an daidaita sassan da ke zamewa kafin a sami fistin da zai zauna daidai a silinda. Shi Yaya ra'ayinsa tsohon Myford ML7 na Ingila, wanda aka fara ƙerawa a 1946, saboda giyar bayansa tana ba da juyi a hankali ba tare da rasa ƙarfi ba, kuma giɓin da ke gadonsa, wato doguwar shimfiɗar ƙarfen da wuƙa ke zamewa a kai, yana karɓar faɗin inci 10. Ina ganin gaskiyarsa, amma ina tsoron tsohon inji, domin gadonsa yakan ci a kusa da mariƙin da ke damƙe abin da ake sassaƙa, inda aka fi aiki, kuma gadon da ya ci ba ya fitar da sanda mai kauri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe.

Da yamma ban taɓa komai a ɗakin aiki ba. Na dai lissafa mariƙi mai muƙamuƙi huɗu da agogon awo mai nuna ko aiki ya zauna daidai a cikin abin da ba makawa sai na saya, kowane inji na zaɓa, sannan na roƙi Yaya ya raka ni mu auna gadon wani tsohon Myford kafin in ce komai.