Godiya bayan jinyar Inna

Assalamu alaikum. Tunda an maido da layin waya a Gusau, bari in sauke nauyin godiyar da ke wuyana. Alhamdulillahi, Inna ta dawo gida, tana ci tana sha, jiya da bakinta ta ce a dama mata fura. Waɗanda suka kwana tsaye tare da mu sun san girman wannan magana.

Har yanzu gabana na faɗuwa idan na tuna daren farko. Amai da gudawa ne kawai, ba tari, ba sarƙewar numfashi. Ga damina, ga kwalara na kwantar da mutane a Zamfara da maƙwabta, kowa a gidan ya ce ita ce. Waya kuma gwamnati ta rufe layinta a jihar tun 3 ga Satumban 2021, balle a kira wani. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya, wadda yaran unguwa ke ce wa Anti Nas, ita ta keto ruwan sama ta shigo. Ta haɗa ruwan gishiri da suga: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tana ba ta kaɗan-kaɗan tana lallashi, sai Inna ta ce ita fa ba ta jin ɗanɗanon komai, ko ƙamshin daddawar miyar rana bai zo mata ba. Anti ta ajiye kofin ta dube ni ta ce, "Da gari ya waye a kai ta gwajin korona, kuma kowa ya sa takunkumi."

Haka kuwa sakamakon ya fito. Likitan da ya karɓe ta ya zaunar da ni ya ce cutar nan ba huhu kaɗai take kamawa ba, kafar da ƙwayar ke bi ta shiga jiki akwai ta a hanji, shi ya sa wasu ciki ke fara ɓaci, da tashin zuciya da rashin son abinci, kafin tari ya zo, wasu ma tarin ba ya zuwa. Ya ce ga tsohuwa mai hawan jini irin Inna, ƙarewar ruwan jiki na iya taɓa ƙoda. Likita, Allah Ya saka da alheri.

Amma wadda ba ta fita raina ita ce baiwar Allah mai shara a ɗakin da aka killace masu cutar. Ba a barinmu mu shiga. Inna ta ɓata shimfiɗa cikin dare, kunya ta hana ta kiran kowa, tana ta kuka. Matar nan, cikin rigar kariya da zafinta, ta wanke ta tas, ta sauya mata zane, ta ce, "Inna, ki daina kuka, ni ma 'yarki ce." Fuskarta ma Inna ba ta gani ba. Ya Allah Ka suturta ta duniya da lahira, Ka raya mata zuri'a, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomar iyayenta.

Gwaggo ta Tsafe da ta riƙe min yara, Kawu direba da bai karɓi ko kuɗin mai ba, Liman da jama'ar masallacinmu da suka dage da addu'a, na san ba ku son a ambace ku, ku yi haƙuri. Allah Ya biya ku da mafificin alheri, Ya kare ku daga ciwo, Ya ba jiharmu zaman lafiya, amin.

'Yan uwan da suka ce rashin waya ne ya hana su ji, to, tsakaninmu tafiyar ƙafa ce, amma mun yafe.

Masu son zuwa dubiya, bismillah, sai dai bayan la'asar, domin har yanzu ƙarfinta bai gama dawowa ba. A zo da takunkumi, akwai buta da sabulu a zaure.