Kujerar sallar Hajiya

A shekaruna na farko na aikin jinya, a wani ƙaramin asibiti da ke Zangon Kumasi, wa'azi kaɗai na iya. Mace za ta hau sikeli, in auna tsawonta, in fitar da lissafin BMI, wato ma'aunin nauyi gwargwadon tsawo. Idan ya kai 25 nauyi ya wuce kima, idan ya kai 30 ƙiba ce, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Daga nan sai in hau: a rage mai, a bar sukari, a bar sakwarar dare. Ta ce "to, na ji", ta karɓi maganin hawan jininta, bayan wata uku ta dawo da ƙarin kilo biyu.

Ni kuma ina ta ganin taurin kansu. Na manta inda na tashi. A Zango ƙiba hutu ce. Matar da ta rame, kafin mako ya zagayo an fara tsegumi: ko miji ya gaza, ko wani ciwo take ɓoyewa. Wa zai sayi wannan magana da kuɗinsa?

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia ce ta gyara mini zama. Kilo 104 take. Ranar na gaji da maimaita karatu, sai kawai na ce, "Hajiya, wai me jikin nan ya hana ku yi wanda kuke so?" Ta yi shiru har na ɗauka ta ji haushi. Can ta ce, "'Yata, shekara biyu ke nan a kan kujera nake sallah. Gwiwa ta ƙi. Goshina yana kewar ƙasa."

Sai daga baya, a wani kwas, na ji ashe abin da na yi cikin gajiya hanya ce da aka daɗe da tsarawa. Wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, William Miller, ya fara bayyana ta a 1983 a aikinsa da mashaya giya, daga baya suka faɗaɗa ta da Stephen Rollnick. Ana neman izini kafin a taɓo maganar nauyi, a yi tambayar da "e" ko "a'a" ba za su amsa ba, sannan a bari dalilin canji ya fito daga bakin mai jiki.

Da na gaya mata rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa a ga sauƙi a hawan jini da sukari, wato ita kilo biyar zuwa goma, dariya ta yi. Ta ce ta ɗauka rabinta nake son a yanke. Na ce ta zaɓi abu ɗaya da za ta bari, da kanta. Waakye dai, wato shinkafa da wake, ta ce kada in ko ambace shi. Ta zaɓi lemon da take sha kullum a shago, bayan ta ji gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 yana ɗauke da sukari giram 35, kusan ƙaramin cokali tara. Harajin kashi 20 da gwamnatin Ghana ta ɗora wa abubuwan sha masu zaƙi a 2023 ma ina jin ya fi bakina tasiri a nan.

Tafiyar minti 150 a mako da ake so, mun raba ta rabin awa sau biyar, bayan asuba, ita da maƙwabciyarta. Sai ga Babbar Sallah da bukukuwa uku a jere, kilo biyu suka dawo. A da, da na yi faɗa. Wannan karon tambaya na yi: wa ke girki a gidan? Ashe surukarta ce, kuma yarinyar tana ganin rage man miya kamar raina uwar miji ne. Zuwa na gaba tare suka zo, Hajiya da bakinta ta ba ta izini.

Yanzu tana kan kilo 97. Asuba a ƙasa take yi, sauran huɗun har yanzu a kan kujera, waakye kuwa kullum yana nan da taliyarsa da ƙwai.