Ƙofar gefe a bututun salansa: abin da na koya a ƙarƙashin Mustang ɗina

Tun ranar da na sayi Ford Mustang GT mai injin V8 na lita 5.0 nake jin cewa salansar da ta zo da ita tana danne wa injin murya, amma kuma ban yarda in cire ta ɗungurungum ba, domin ina fita da asuba, kuma maƙwabcina dattijo ne da ba ya samun barci sai gari ya kusa wayewa. Wannan ne ya kai ni ga abin da Amurkawa ke kira katawut, wato reshe mai siffar Y da ake haɗawa a jikin bututun hayaƙi kafin tukunyar salansa. Idan bakin reshen yana rufe, hayaƙi ya bi hanyarsa ta kullum. Idan aka buɗe, sai ya fice kai tsaye da duk rugugin da injin yake da shi. Dabarar tsohuwa ce: an sayar da irinta ga masu Ford Model T, kuma a 1970 kamfanin Pontiac ya fitar da motar GTO mai salansar da direba ke buɗewa daga mazauninsa, kafin a janye tsarin bayan ɗan lokaci.

Iri uku na duba. Mafi araha ita ce mai murfi da noti uku, wadda ba ta cika yoyo ba, sai dai duk ranar da kake son ƙara dole ka kwanta ƙarƙashin mota ka kwance ƙarfe mai zafi. Akwai ta waya da ake ja da hannu, sannan akwai ta lantarki, irin wadda kamfanonin QTP da Doug's Headers ke yi, mai faifan ƙarfe da ƙaramin moto ke juyawa ta makunni ko rimot. Ta lantarki na ɗauka, guda biyu tunda bututun motar biyu ne, masu faɗin inci 3 daidai da bututun da na riga na sa. Shawarata ga mai saye ita ce ya auna bututunsa da kansa, kuma ya nemi ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 304, domin damina ɗaya ta isa ta cinye mai arha.

Inda na sha wahala shi ne zaɓen wurin da za a yanka. Dole reshen ya zauna bayan katalis, wato na'urar rage gubar hayaƙi da kanikawanmu ke kira indomi, kuma da tazara mai kyau daga na'urar auna iskar oksijin, saboda idan ƙofar ta matso kusa, iskar waje kan koma ciki ta ruɗe na'urar, kwamfutar mota ta kunna fitilar gargaɗi. Haka nan bakin reshen yana buƙatar ɗan lanƙwasasshen bututu da zai kai hayaƙi ƙasa, nesa da layin mai da na birki da kuma taya. Wannan ba batun ado ba ne, hayaƙin da ya taru a ƙarƙashin kujera yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa.

Duk wannan na kiyaye, amma na yi kuskure a abin da ya fi sauƙi. Mai waldar da ya yi mini aikin ya ɗora reshen, ya ɗan ɗiga walda a wuri biyu, sannan ya leƙo daga ramin gareji ya ce, "Yallaɓai, wannan moton ya yi ƙasa da yawa, gara mu juya shi gefe." Na ce masa ya bar shi haka, domin a gefen yana kusa da zafin bututu. Kwana tara bayan nan, tudun rage gudu na bakin layinmu ya daki moton hagu, haƙoran cikinsa suka karye, ƙofar ta tsaya rabi a buɗe. Haka na shigo unguwa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, karnuka na haushi, ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Da na koma gareji bai ce mini komai ba, ya dai yanke aikin, ya juya moton gefe, ya sa masa ɗan faranti na kare zafi, abin da ya kamata a yi tun farko.

Haɗa wutar bai ɗauki lokaci ba: fiyus kusa da inda aka jawo wuta, waya a ɗaure nesa da bututu, makunni kusa da giya. Abin kiyayewa kawai shi ne a saki makunnin da zarar faifan ya kai ƙarshe, don ci gaba da dannawa yana gajiyar da moton.

Game da ƙarin ƙarfi kuwa, ban ji wani bambancin a zo a gani ba, kuma ban yi mamaki ba, tunda injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, kuma bututunsa na da faɗi ba abin da ke shaƙe shi sosai. Masu turbo ne suka fi cin moriya, ko da yake su ma sai sun sa ido kada matsin iska ya zarce ƙima. Abin da na saya sauti ne, kuma sautin yana da dokarsa: a jihar Kalifoniya ta Amurka, sashe na 27150 na dokar ababen hawa ya hana hawa titi da irin wannan ƙofa. Ni a fili nake buɗe tawa, can bayan gari inda ba gidaje. Sau ɗaya a mako kuma nakan buɗe ta in rufe a tsakar gida, injin yana kashe, saboda kunkunniya na taruwa a bakin faifan, idan aka bar ta sai ya ƙi rufuwa ruf, ya riƙa wani ɗan tsit-tsit da ake ji a duk jan danja.