Mako, Hammerhead da sunan da na goge

Ranar Asabar bayan isha'i na miƙa wa Alhaji makullan shago, na rataya jakata na fito. Shekara uku da 'yan watanni na yi ina kula da gidan wasan bidiyon nan nasa na unguwar Yelwa a Garoua. Wanda ya san wurin ya san da talabijin biyu da benci ɗaya muka fara. Gasar ƙwallon Afirka ta farkon 2022 ce ta ɗaga mu, lokacin da Najeriya ta yi wasanninta a filin Roumdé Adjia, Garoua ta cika maƙil da baƙi, har Alhaji ya samu abin ƙaro PlayStation 4 ta uku a gwanjo. Da faifai a cikinta ta zo, Mass Effect Legendary Edition, wanda ya haɗa wasannin Mass Effect uku wuri guda. Daga wannan faifan rigimata ta samo asali.

Kusan kowa ƙwallo yake zuwa bugawa, amma mutum biyar ko shida suka maƙale wa wannan wasan na sararin samaniya, kuma ba su daɗe ba suka rabu gida biyu a kan mota. A wasan farko, wanda BioWare ta Kanada ta fitar a 2007, motar ita ce Mako: taya shida, igwa a ka, ana jeho ta daga jirgin Normandy ta dira kan duniyar da ba hanya ba gari. Tana tsalle kamar akuyar da ta tsinke igiya, tana kifewa, amma ba dutsen da ba ta hawa. A na biyu, na 2010, sai aka ajiye ta, aka zo da Hammerhead a ƙarin da ake kira Firewalker. Ita ba ta da taya, shawagi take a saman ƙasa, ga gudu ga santsin tuƙi, sai dai harbi kaɗan za ta sha ta kama wuta.

Wani yaron mota da ke bin hanyar Ngaoundéré shi ne uban tafiyar 'yan Mako. Cewa yake duk wanda ya taɓa hawan tsaunin Mbé da lodi ya san motar ƙwarai da jijjiga ake gane ta, Hammerhead kuwa kwalin sukari ce aka sa wa fanka. Jagoran ɗaya ɓangaren wani ɗalibi ne mai shirin jarrabawar bakaloriya ta gama sakandare, yaro mai natsuwa, kullum da canjinsa a ƙirge. Shi hujjarsa ita ce motar da sai ka yi kokawa da ita kafin ta bi inda kake so ba mota ba ce, jaki ne. Da Hausa ake farawa, a zarce Fulatanci, in abin ya yi zafi a ƙare da Faransanci. Su kansu masu ƙera wasan sun san da wannan gardama, domin a na uku, na 2012, sun sa sojoji biyu na jirgin, Vega da Cortez, suna irin wannan musun.

Ni ɗan Mako ne, kuma ban iya ɓoyewa ba. Nan na fara kuskure, tun kafin babban.

Wata ranar Afrilu da rana tsaka, zafi kamar a gasa mutum, an dawo da wuta ke nan bayan awa huɗu, musu ya sake tashi. Na ce yau za a raba gardama: zan buɗe sabon wasa in nuna musu yadda aka gyara Mako a fitowar 2021, an ƙara mata nauyi da abin ƙara gudu ta baya. Na je buɗe sabon suna, wato gurbin ɗan wasa a na'ura, ta ƙi. PlayStation 4 suna goma sha shida kawai take ɗauka, kuma yara sun cika ta. Manet, abin sarrafa wasan, na hannuna yana santsi da gumi, mutane a kaina suna ihu, na ga wani suna mai haruffa uku ba hoto, na ce na 'yan ƙwallo ne. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna.

Na ɗalibin nan ne. Wata huɗu yana tara wasansa da kuɗin karin kumallonsa. Ya gama na farko, ya lallashi Wrex, ɗaya daga cikin abokan tafiyar jarumin wasan, a duniyar Virmire bai bari an kashe shi ba, ya ɗauko ajiyar zuwa na biyu har ya je Tuchanka, duniyar su Wrex, ya tarar da shi yana sarautar danginsa. Saura masa aikin ƙarshe. In ka goge suna, duk ajiyar da ke ƙarƙashinsa ta tafi, mu kuwa ba mu biyan PlayStation Plus mai adana ajiya a intanet, ba mu da kwafi a filashi. Da ya zo bayan la'asar ya duba bai ga sunansa ba, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya, saboda mota?" Har yau gara a ce zagina ya yi.

Kowa ya ɗauka da gangan na yi, tunda an san ɓangarena. Alhaji, wanda bai san Mako daga Maroua ba, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, gaban yaran da nake kora in sun yi rashin kunya, ya ce ya ɗauko ni tsaron shago na koma shugaban 'yan daba. Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskure ne, kuma sau biyu ina roƙon a sayi filashi." Ya ce in rufe masa baki. Ya yanke rabin albashina wata biyu wai don a biya yaron. Daga baya na ji awa goma na wasa kyauta kawai aka ba shi, wato abin da bai ci wa Alhaji ko dala ba. Laifin gogewar nawa ne, ban taɓa musu ba. Inda kuɗina suka shiga ne ban samu amsa ba har na bar wurin.

Ga wanda zai gaje ni: mai riƙe da akwatin kuɗi ba ya shiga musun abokan ciniki, ko da shi ne mai gaskiya. Kada ka taɓa komai a na'ura ana hayaniya a kanka. Duk abin da ka roƙi mai gida, ka roƙa a gaban shaida. Bashi kuwa, ko ɗan limami ne, a rubuta.

Filashin da kuɗina na saya. Kowace Juma'a kafin masallaci nakan kwashe ajiyar kowa, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake rasa ko minti ɗaya, ko da aka kai na'urar gyara aka wanke ta tas. Yanzu Alhaji yana gaya wa masu shaguna cewa tsarinsa ne. Na bar masa filashin a aljihun tebur, ƙarƙashin littafin bashi.

Ɗalibin bai sake fara wasan ba, ƙwallo ya koma bugawa, yanzu yana jami'a a Ngaoundéré. Mun haɗu a tasha bara, muka gaisa lafiya lau. Na so in tuna masa cewa da aka fitar da Andromeda a 2017, mota mai taya shida aka dawo da ita, Nomad, ba mai shawagi ba. Na haɗiye maganar, na taya shi ɗora jakarsa a saman mota.