Zuwa ga mutanen Maradi: wa ke da bakin ruwa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, manya da yara. Ina gaishe ku a dunƙule, ba zan jera sunaye ba kada wani ya ce na tsallake shi.

Tun da na sa hotunan bakin teku a WhatsApp tambaya guda ake ta aiko mini: nawa ake biya kafin a shiga? Wani ƙanena har rantsar da ni ya yi in faɗa masa gidan wane attajiri ne aka bar ni na leƙa. Wasu sun tambayi abinci da takardun zama, zan zo kansu. Shiga bakin teku dai ko dala ba a biya, kuma ba alfarma aka yi mini ba, doka ce.

A nan Faransa, duk inda ruwan teku ke kaiwa idan ya yi cikarsa mafi girma, wurin na ƙasa ne. Ba a sayar da shi, ba a gadonsa, kuma komai daɗewar mutum a kai ba ya zama nasa. Tushen ƙa'idar tun dokar teku ta 1681 yake, zamanin Sarki Luwi na 14. To amma me rairayi zai amfane ka da shi in babu hanyar isa gare shi? Masu hannu da shuni sun daɗe da gane wannan, sai su saye filayen da ke kallon ruwa su kewaye abinsu. Shi ya sa a ƙarshen 1976 aka yi dokar da har yau take ba ni mamaki: duk mai filin da ya yi iyaka da teku, dole ya bar mita 3 ta gefen ruwa don masu tafiya a ƙasa. Filin nasa ne, takarda na hannunsa, amma ba shi da ikon hana ka wucewa. Mota da babur ba su shiga, sai ƙafa.

A yankin Biretanyi, can yammacin ƙasar, akwai hanyar da ake kira GR34, tsawonta ya haura kilomita 2,000, asalinta ta 'yan duwan ce masu farautar 'yan fasa-ƙwauri. An shafa fenti fari da ja a kan duwatsu da itatuwa don kada ka ɓata. Kana tafe, teku a hagu, shingen gidan wani a dama, kusa har kana ganin kofin shayinsa a kan tebur, karensa na ta haushi. Wani mai gidan zai ɗaga maka hannu, wani ya haɗe rai ya juya baya. Duk ɗaya ne, wucewa za ka yi, kai baƙon da ko fasfo ɗin ƙasar ba ka da shi.

Abin da doka ba ta iya yi maka magani ba shi ne sanyi. Wallahi iskar wurin ba ta san riga ba. Ka sa uku, ka ɗora jibgegiyar kwat, ka rufe kunne, duk da haka sai ta samo hanya ta wuya ta shiga, hanci na zuba, yatsu sun ƙi lanƙwasuwa. A cikin wannan halin za ka ga tsohuwa mai furfura ta tuɓe takalmi ta faɗa ruwa tana dariya. Ni dai haƙƙin shiga ruwan nan na yafe musu shi, duniya da lahira.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Dokar mita 3 ɗin kanta ba ta shafi filayen da aka kewaye da katanga kafin 1976, da inda hanyar za ta matso ƙasa da mita 15 da gidan da aka gina kafin lokacin ba. A garin San-Biriyak, masu manyan gidaje sun yi sama da shekara 30 suna jan maganar a kotu. A 1986 aka ƙaro wata doka da ta hana gini cikin mita 100 daga bakin ruwa a wajen gari. A kudu kuwa, wajen biranen Nis da Kan, masu otal da gidajen abinci kan karɓi hayar wani yanki su jera kujerun kuɗi, amma tun 2006 ƙa'ida ita ce kashi 80 cikin 100 na bakin tekun da ba ɗan Adam ne ya gina shi ba ya zauna a buɗe.

Na san abin da za ku ce, ina mu ina teku. Muna da gulbi, muna da tafkin Madarunfa inda masunta, masu lambu, makiyaya da masu ziyarar waliyyai ke haɗuwa a ruwa guda. Kuma wannan mita 3 ta Turawa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, burtali ne. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince da burtali da mashaya, an kafa kwamitocin filaye har ƙauyuka. Sai dai burtali ba rana ɗaya yake ɓata ba. Bana a ci kunya biyu, baɗi a ƙara uku, wata shekara wani ɗan birni ya sayi lambu ya ja waya har bakin ruwa. Wanda ya san rikicin manoma da makiyaya da ya ci rayuka a ƙauyen Toda a 1991 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Su nan abin da na ga suna yi shi ne auna hanya, zana ta a taswira, a kafa alama, a ajiye takardar a ofishin magajin gari inda kowa zai iya zuwa ya ce a nuna masa. Yin haka ya fi sauƙi tun fili bai yi tsada ba.

Abinci kuwa, ana samun gero da kuka a shagunan 'yan Afirka, da tsada. Takardun zama sai wani jiƙon, in na fara ba zan gama ba.

Ku da ke zuwa Madarunfa, don Allah wani ya shiga ofishin magajin gari ya tambaya ko akwai taswirar hanyoyin da ke gangarawa tafki, ya gaya mini abin da suka ce masa.